Ragon da ake tayawa ta waya

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, akwai abin da ake gani yanzu a kara, daga Babura har Kazaure, wanda a da babu shi. Dillali ne riƙe da igiyar rago a hagu, waya a dama, yana zagaya dabba yana magana da wani da ke zaune a Abuja ko Legas. "Alhaji, ka ga ƙirjinsa? Bari yaro ya ja shi ka ga takunsa." Nan za a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, alat ya shigo, mai saye bai shaƙi ƙurar kasuwa ba.

Ba dare ɗaya aka kai haka ba. WhatsApp ya buɗe kiran bidiyo a ƙarshen 2016. Kullen korona na 2020 ya hana mutane tafiya, sannan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa wanda bai taɓa yarda da taransifa ba ya buɗe asusu. Yankin kuma ya dace da harkar: Babura na bakin iyakar Nijar, inda dabbobi ke gangarowa, Kazaure kuwa na kan titin Kano zuwa Daura, ba a rasa motar lodi.

Matasa da dama sun ɗauka cinikin bidiyo babbar waya ce da daɗin baki. Kuskure ne. Mai sayen rago da hannu yake saye: ya danna gadon baya ya ji nama, ya kama gindin wutsiya ya ji kitse, ya buɗe baki ya ga haƙora don sanin shekaru. Waya ta ƙwace masa duk wannan. Saboda haka gwanin dillali shi ne wanda ke ara wa mai saye hannunsa. Yakan buɗe bakin ragon gab da kyamara ba tare da an tambaye shi ba, ya nuna ido biyu, ya ɗaga kofato, ya sa a kora shi don a ga ko yana ɗingishi, tunda rago mai ido ɗaya ko gurgu ko ramamme ba ya layya. Sannan ya tsayar da mutum a gefensa. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci, domin idan aka durƙusa aka ɗauko ɗan Yankasa daga ƙasa, sai ya fito a waya tamkar Balami. 'Yan kasuwa sun san dabarar, masu saye ma sun fara ganewa, kuma wanda aka yi wa ita sau ɗaya ba ya sake ɗaga kiran.

Abin sha'awa, malaman zaure sun riga kowa magana a kai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, kuma a fiƙihun Malikiyya wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Bidiyo siffantawa ce kawai da ta fi ta baki ƙarfi. Ba ta ɗauke wa mai kaya nauyin faɗin aibi ba.

Haka abin yake a tufafi. Matar da ke saro atamfa da shadda a Kantin Kwari tana sayarwa daga ɗakinta a Kazaure ta san fitilar ɗaki na sauya launi: ruwan toka ya koma shuɗi, amarya ta karɓi kaya ta ce ba shi ta zaɓa ba. Wadda ta iya sana'a fitowa take tsakar gida, ta baza turmin a hasken rana, ta juya bayansa, ta murza shaddar kusa da waya. "Hajiya, kin ji ƙararta?" Mai turaren wuta da humra ce kawai waya ba ta tsinana wa komai ba.

Ha'inci ma ta ɓangare biyu yake zuwa. Akwai alat na bogi, akwai kuma musanya dabba bayan an kashe waya. Shi ya sa masu hankali ke shafa wa ragon fenti a gaban mai saye, su sake kira a tasha a nuna direba da lambar mota.

Sai dai ribar ba ta isa ga kowa daidai ba. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma bidiyo cin data gare shi. A ƙauyuka da dama na Roni da Gwiwa, inda mata ke ɗaure rago a turke wata da watanni suna ba shi dusa da harawa, sabis kan yanke ana tsakiyar tayi, wayar gidan ma sau da yawa ƙarama ce marar kyamarar kirki. Don haka har yanzu ɗan matar da ta yi kiwon ko mijinta ne ke jan ragon zuwa kara, dillali mai babbar waya ya nuna wa Alhajin Abuja, kuma sau tari ba ta jin farashin da aka sallama a kai.