Mashayar Ingila Tsakanin Kanta da Teburin Abinci

A shekarar 1991 David Eyre da Mike Belben suka karɓi wata tsohuwar mashaya mai suna The Eagle a titin Farringdon na Landan, suka kafa murhu a bayan kanta, suna rubuta abincin ranar a kan allo. Daga nan ake lissafin farkon abin da Turawan Ingila ke kira gastropub, wato mashayar da girkinta ya fi giyarta jan mutane.

Wata doka ta 1989 ce ta share musu fage. Ta tilasta wa manyan kamfanonin giya masu mashaya sama da 2,000 su saki rabin rarar, sai kukun da ba shi da jarin buɗe gidan abinci ya samu ginin da zai iya kamawa. Hana shan taba a cikin gini a 2007 ya ƙara tura masu mashaya wajen tukunya. A 2011 The Hand and Flowers ta Tom Kerridge a garin Marlow ta zama mashaya ta farko da ta samu taurarin Michelin biyu.

Masu kishin giyar gargajiya, musamman 'yan ƙungiyar CAMRA da aka kafa a 1971, ba abincin suke ƙi ba. Kukansu a kan ganga yake, kuma ina ganin suna da gaskiya. Giyar ganga aba ce mai rai: yis na ci gaba da aiki a cikinta a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, kuma da an buɗe ta iska ta shiga, kwana uku ne ranta. Wanda ya zo cin abinci kofi ɗaya zai sha, ko ma ya nemi giyar inabi. Sai ganga ta kwana ta tashi, ta yi tsami, mai gida ya gaji da asara ya koma wa wadda ake turowa da iskar gas. Ga kuma maganar wuri, wadda ko mu da ba ma sha ya kamata ta dame mu: idan aka kama kowane tebur da suna tun da rana, tsohon da kujerarsa a lungu ita ce majalisarsa ba shi da inda zai zauna.

Wani abin da ke gwada mashayar girki shi ne giyar yanayi, wadda iri biyu ce. Akwai wadda lokaci ya haifa. A Bavariya ta Jamus, dokar 1553 ta hana dafa giya tsakanin 23 ga Afrilu da 29 ga Satumba, don haka ake yin mai ƙarfi a watan Maris ta kai kaka. A Kent ta Ingila, cikin Satumba, ana zuba ɗanyen furen hop a tukunya kafin awa 12 da tsinkarsa, kuma ba a iya yin irinta sai kaka ta zagayo. Akwai kuma wadda kasuwa ta haifa. Tun da ministan kuɗi Gordon Brown ya rage wa ƙananan masu dafawa rabin haraji a 2002 suka yawaita, gasa ta tsananta, wasu suka koma barbaɗa kirfa da kanumfari a giyar kullum suna sauya mata suna a Disamba. Masu sha na gane bambancin, kuma mashayar girkin da ke da kuku mai bin kayan lambun kowane wata ita ta fi kowa rashin uzuri idan ta kasa ganewa.