Macijin Tagulla da Kwalbar Mai

Kiristan da ya fito daga gidan Maguzawa a ƙasar Kano ko Katsina ya san abin da tuba ta ci wa iyayensa: an kwance guru daga ƙugu, an cire laya da kambu, an cinna musu wuta. Irin wannan tsafin ba ya wuyar ganewa. Mai wuyar kamawa shi ne wanda ya shigo ta ƙofar coci: kwalbar man shafawa a aljihu, ruwan da fasto ya yi wa addu'a, sitika mai hoton wani bawan Allah a gilashin mota, Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin kai don korar mugun mafarki. Duk abin da mutum ya jingina tsaronsa a kai, har gabansa ya faɗi ranar da ya manta shi a gida, ya hau kujerar da ta Allah ce shi kaɗai.

Littafin Ƙidaya sura 21 ta nuna cewa Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji, Musa ya yi na tagulla, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, Sarki Hezekiya ya tarar Isra'ilawa suna ƙona wa wannan tagullar turare, sai ya farfasa ta, kuma 2 Sarakuna sura 18 ta lissafa hakan cikin ayyukansa na gari. A lura da kyau: abin asalinsa halal ne, hannun annabi ne ya yi shi, an ma warke ta wurinsa, amma duk wannan bai hana shi zama gunki ba. Haka a 1 Sama'ila sura 4, da yaƙi da Filistiyawa ya yi zafi sai dattawan Isra'ila suka aika a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo don ya cece su. Sojoji 30,000 suka mutu, Filistiyawa suka tafi da akwatin.

Masu kare al'adar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Yakubu sura 5 ta ce a shafa wa mara lafiya mai, Ayyukan Manzanni sura 19 kuma ta ba da labarin ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus suka warkar da mutane a Afisa. Sai dai a wurin Yakubu dattawan ikilisiya ne ke zuwa wurin majinyaci, kuma addu'ar bangaskiya aka danganta wa warkarwar. Babu farashi, babu kwalbar ajiya. Surar ta Afisa kuwa ita ce ta kawo 'ya'yan wani firist su bakwai da suka ɗauki sunan Yesu kamar laƙani, wani mai aljani ya yi musu dukan tsiya. Abin da ya biyo baya shi ne masu sihiri suka ƙone littattafansu da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Bitrus ma ya tsawata wa Saminu na Samariya don ya zo da kuɗi sayen baiwar Allah.

Wasu za su ce talakan da asibiti ya fi ƙarfinsa, hanya kuma ba tsaro, a bar shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Tausayin gaskiya ne, amma talakan ne ke biya. A 2013 mutum 4 suka mutu a turmutsutsun neman ruwan albarka a wata majami'a a Accra, a 2020 kuma kimanin 20 suka rasu a Moshi ta Tanzaniya suna rige-rigen taka man shafawa. Don haka fastoci da dattawan ikilisiya su daina sayar da mai da ruwa, su je gidan mara lafiya su yi masa addu'a kyauta, in akwai hali su haɗa masa kuɗin magani.