Yaron Mai Haɗa Magani

Wani littafi na Turanci ya zo hannunmu, sunansa The Blackthorn Key, watau Mabuɗin Blackthorn. Kevin Sands, mutumin Kanada, shi ya rubuta shi domin samari, aka buga shi a 2015. Mun karanta shi sarai, mun ga ya kamata mu gaya wa 'yan makaranta inda ya gamshe mu da inda ya gaza.

A birnin London labarin ya faru, cikin 1665, shekara biyar da komowar Sarki Charles na Biyu kan gadon sarauta, ana dab da babbar annobar nan. Christopher Rowe maraya ne, yana koyon sana'a wurin Benedict Blackthorn mai haɗa magani. A zamanin nan yaro yakan yi shekara bakwai ko fiye a hannun maigidansa, yana daka, yana awo, yana shara, kafin a yarda ya tsaya da kansa. Ana nan sai aka shiga kashe masu haɗa magani ɗai-ɗai, har abin ya zo kan maigidansa. Ya bar wa yaron 'yan layuka na rubutun ɓoye cikin littafin lissafin kanti.

To, a nan gwanintar mawallafin take. Bai sa wa yaron nan ƙarfi ko sihiri ba. Duk ƙofar da ya buɗe, da abin da ya koya ya buɗe ta: Latin, da lissafi, da sanin halin magunguna. Rubutun ɓoyen kuwa ga shi a kan takarda, mai karatu yana iya ɗaukar fensir ya gwada kansa kafin ya juya shafi. Muna ba ku shawara ku yi haka.

Ku dubi kuma yadda aka ƙulla farko da ƙarshe. Da fari Christopher da abokinsa Tom, ɗan mai burodi, suka harhaɗa albarushi don wasa, suka yi ɓarna a kanti, mai karatu na ta dariya. Can gaba sai a ga ashe saboda sirrin wata wuta wadda ta fi albarushi ake ta zub da jini. Ilmi ɗaya ne, da shi ake warkarwa, da shi ake kisa. Littafin bai tsaya yi mana wa'azi kan wannan ba, labarin ne ya nuna.

Amma fa akwai gyara. Wutar nan ta yi kama da naitirogilisarin, abin da ba a samu ba sai 1847, lokacin da Ascanio Sobrero ya haɗa shi a Italiya. Mawallafi yana da ikon ƙaga abin da ya so, amma kada ɗalibi ya ɗauki wannan ya kai wa malamin tarihi. Sa'an nan bakin Christopher ya fi kama da na yaron yau, ga raha da yawa ko a cikin tsoro. Kashe-kashen kuma an bayyana su ƙwarai, ba mu ga ya dace da ƙananan yara ba.

Duk da haka, wanda Turancinsa ya yi ƙwari ya neme shi. Ba za mu faɗi mai kisan ba. Wanda ya gane shi kafin Christopher, ya san karatunsa da lura yake yi.