Mai Tsallakar da 'Yan Makaranta

A ƙofar makarantun firamare da dama a Ingila, da safe da kuma lokacin tashi, akwai mai tsayawa bakin titi, galibi dattijuwa ko dattijon da ya yi ritaya, sanye da riga ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, riƙe da doguwar sanda mai faifai a kanta. Aikinsa tsallakar da yara titi. Mai kallo daga nesa zai ce ai ɗaga sanda ne kawai. Ni kuwa a ganina ba kowane aiki ne ya kai shi buƙatar kaifin ido da natsuwa ba.

Tushen aikin yana ga idon yaro. A 2011 masana a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun wallafa binciken da ya nuna cewa yaran firamare ba su cika gane mota tana tunkaro su ba idan gudunta ya haura mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32. Yaro zai duba dama da hagu kamar yadda aka koya masa, ya ga motar, amma lissafin isowarta ya kuɓuce masa. Ga shi gajere, motar da aka ajiye a gefe ta isa ta ɓoye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mai tsallakarwa aron idonsa yake ba yaran kafin nasu ya nuna.

Gwanintar tana farawa tun bai taka kwalta ba. Ba ya tare mota don yaro ɗaya ya iso. Sai ya gitta sandar a gabansu, ya tara su, yana karanta hanya. Ba kowace mota ake tsayarwa ba. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ƙiyasta cewa mai gudun mil 20 yana buƙatar mita 12 kafin ya tsaya cak, mai mil 30 kuwa mita 23, idan an yi ruwa kuma a ninka. Wannan lissafi yana kansa ba tare da ya auna da igiya ba. Babbar mota da kaya sai ya bar ta ta wuce, ya zaɓi ƙarama da ke can baya, ya ɗaga sanda sama da wuri don direban ya sami sararin taka burki. Kuma fuskar direban yake kallo, ba gaban motar ba, domin wanda ya sunkuya kan waya bai gan shi ba, ko da ya rage gudu.

Sai motoci sun tsaya yake shiga tsakiyar titi, ya kafa sandar, ya miƙa ɗaya hannun. Har a lokacin yara na nan bakin hanya. Sai ya leƙa ko wani mai babur ko keke zai kurɗo ta gefen motocin, sannan ya kira su. A horon da ake bayarwa a Amurka ana jaddada cewa da baki ake kiran yara, hannu na direbobi ne, don kada a yafito yaro direba ya ɗauka shi aka ba hanya. Wannan ƙa'ida tana burge ni ƙwarai, domin wanda ya tsara ta ya daɗe yana lura da yadda hatsari ke faruwa. Ga yaran kuma, ba gudu, mai keke ya sauka ya tura. Mai tsallakarwa ne farkon shiga titi, shi ne kuma na ƙarshen fita, sai ƙafar yaron ƙarshe ta hau dakali.

Ya san yaransa kuma. Ya san wanda kullum yake makara ya taho a guje, da wadda takan fizge hannunta daga na yayarta, don haka tun daga nesa yake shirya musu.

Doka na bayansa. Birtaniya ta kafa dokar aikin a 1953, kuma direban da ya ƙi tsayawa yana iya biyan tarar da ta kai fam 1,000, a kuma ɗora masa makin laifi 3 a lasisinsa. Daga 2001 an ba masu tsallakarwa ikon tsallakar da kowa, ba yara kaɗai ba. 

A Kano ko Kaduna ma ana yi, sai dai babu sanda babu riga. Maigadin makaranta ko wani malami ne kan fito ya ɗaga tafin hannu a gaban 'yan adaidaita sahu, a Kano wani lokaci ɗan KAROTA mai kula da zirga-zirga ya taimaka idan yana kusa. Nasu ya fi wuya, domin ababen hawa na ɓullowa ta kowace kusurwa, kuma babu abin da ke tsayar da direba sai kunya da kwarjinin mai hannun. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, tana da 'yan sa kai da ƙungiyoyi a makarantu. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya sayen riga da allon tsayarwa, ta nemi hukumar ta horar da maigadin nan da ya riga ya saba tsayawa a wurin.