Kujerar Kansila Da Turmin Atamfa

Yau ba zancen kishiya na kawo mana ba, ba kuma na lefe ba. Zancen takarar kansila ne, yadda ake yin ta a ƙasarmu ta Gobir, wato Sabon Birni da Isa. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Mi ya gama ni da siyasa, ni da ke cikin gida?" To ƙawata ki yi haƙuri ki saurare ni, don kuwa duk cikin masu neman ƙuri'arki babu wanda aikinsa ya shigo har bakin murhunki kamar kansila.

Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Akwai kasuwa da tashar mota da mahauta, akwai magudanar ruwa da kwashe shara, akwai maƙabarta, akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana da hannu a makarantar firamare da ɗakin shan magani. Ki duba da kyau, wanne ne a ciki bai shafi mace ba? Rumfar da ɗiyarki ke kai ƙosai, da asibitin da kike zuwa awon ciki, da kwatar da ke kawo miki sauro da damina, duk suna nan. Kansila kuwa shi ne wakilin mazaɓarki a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin waɗannan abubuwa. Sabon Birni tana da mazaɓu 11, Isa tana da 10, cikin 244 na jihar Sakkwato baki ɗaya. Gatawa da kansilanta, Tsamaye da nata, haka Kurawa da Unguwar Lalle, haka Turba da Bargaja da Tozai. Mutum ne da kika san uwarsa, wataƙila ma tare kuke zuwa biki.

To amma yaya ake neman wannan kujera? Nan ne takaicina yake.

Da farko za ki ga hoto ya bayyana jikin bangon shago, saurayi ya sha hula ya karkace ta, an rubuta "Sabon jini" ko "Mai kishin talakawa". Hotonsa ɗan ƙarami ne a ƙasa, na ubangidansa kuwa ya cinye rabin takardar. Wallahi ni a ganina wannan hoton kaɗai ya gama faɗa mana gaskiya. Ɗan takara ba gidajenmu yake fara bi ba, ƙofar manya yake kwana. Ya je Sakkwato ya yi zaman jira, ya raka wannan ɗaurin aure, ya raka wancan gaisuwar mutuwa, har ranar da za a kira su ɗaki a ce an yi maslaha, wane ne zai tsaya, sauran su yi haƙuri. Maslaha kalma ce mai daɗi, amma wadda aka yi ba da ke ba, ba taki ba ce.

Kada ki ce ƙiyayya ce ta sa ni faɗin haka, ga lissafi. A zaɓen ƙananan hukumomi na watan Maris 2021, jam'iyyar PDP da ke mulkin jiha a lokacin ita ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 244, ba ta bar ko ɗaya ba. Da mulki ya juya, aka yi na watan Satumba 2024, sai APC ita ma ta kwashe duka. Kowane karo babbar jam'iyyar adawa ƙaurace wa zaɓen ta yi. Yanzu don Allah, a ce daga Isa har Kebbe babu mazaɓa ɗaya tak da ra'ayin mutanenta ya bambanta? Ko 'ya'yan ciki ɗaya ba su taruwa a kan son miya guda. Ni ban ware kowace jam'iyya ba, duk kanwar ja ce. Wanda ya san daga sama aka ɗora shi, sama zai riƙa kallo.

Sai an gama wannan duka ake tunawa da mu. Ana saura kwanaki sai shugabar mata ta shigo da sallama, bayanta yara ɗauke da kwali: sabulu, magi, taliya, in an yi arziki turmin atamfa a yanka wa mutum uku. A ce a yi anko, a fito a yi guɗa. Ranar zaɓe kuwa mu ne cikin rana tun safe, da goyo da tsohon ciki. Ba na zargin matar da ta karɓa, wadda aka koro daga ƙauyenta ba ta da ko tukunya, ina za ta ƙi sabulu? Wanda nake zargi shi ne wanda ya auna darajarta ya ga iyakarta ke nan. Taliya kwana ɗaya ce a ciki, shi kuwa shekaru zai yi a kujera.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda 'yan takara ke wasa da zancen tsaro. Kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani. A watan Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disamba 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a hanya. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindigar da suka sace shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Duk da haka sai yaro ya hau kan benci da lasifika ya ce in an zaɓe shi an gama da ɓarayi. Kai malam, ji tsoron Allah! Kansila ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, ko bindigar toka ba a ba shi ba. Abin da yake iyawa ƙarami ne, amma ba a raina shi: ya san gida nawa suka watse a mazaɓarsa da inda suka koma, ya rubuta sunan zawarawa da marayu don kada a yi rabon tallafi a tsallake su, ya tsaya a majalisa ya ce makarantar ƙauye kaza ta rufe, a nemo wa yaran aji a cikin gari. Wannan aikin ba ya shiga waƙar kamfen, shi ya sa ba ki jin mai alkawarinsa.

Tambaya ɗaya nake so a riƙa yi wa duk mai nema: ina kake kwana? In iyalinsa na Sakkwato, shi kuma sai ranar kasuwa yake leƙowa ya juya kafin la'asar, to wa zai ji kukanmu da tsakar dare?

Ga kuma zancen kuɗi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukunci daban, aiki da shi daban, amma ko ba komai ya nuna kujerar nan ba ta wasan yara ba ce.

Saura mu kanmu. In mace ta ce tana sha'awar tsayawa, tun kafin maza su buɗe baki mu mata mun riga mun gama da ita. A gidan suna za ki ji ana cewa, "Wance ta fi ƙarfin mijinta," ko "Zawarci ne ya yi mata yawa." A ƙasar Gobir fa! Ƙasar da tun zamanin Alkalawa ake naɗa Inna daga cikin matan gidan sarauta, da fadarta da mutanenta, ana jin maganarta, kuma sarautar ba ta ɓace ba a Tsibiri kusa da Maraɗi. Nana Asma'u ma ai mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, kuma da zaɓen ƙananan hukumomi aka fara, bayan irin ɗauri da dukan da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha. A nan ƙofar ta buɗe mana, amma har yau a bakinta muke tsaye muna guɗa.

Na san ungozoma, na san malamar firamare, na san uwar adashe da ke riƙe kuɗin mata arba'in shekara da shekaru ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Kowace a cikinsu ta fi mai karkatacciyar hular nan sanin gidajen mazaɓarta, don ita har ƙuryar ɗaki take shiga, shi kuwa iyakarsa zaure. In aka zo rabon atamfa, ita ake ba jerin sunaye ta bi gida-gida. In aka shiga ɗakin maslaha, ita ake cewa ta jira a waje.