Sun Koyi Hausa, Mu Me Muka Sani Game Da Su?

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, jami'an tsaro suka kama 'yan ƙasar Poland bakwai a Kano, bisa zargin hannu a ɗaga tutar Rasha. Ashe ɗalibai ne da mai kula da su daga Jami'ar Warsaw, inda ake koyar da Hausa. Sai ƙarshen watan aka sake su. A majalisunmu na Agege kuwa, har da masu cewa, "Ai yaran Putin ne!"

Haba jama'a! Tsoron Rasha fa shi ne ginshiƙin hulɗar Poland da duniya. Rasha na cikin ƙasashe ukun da suka rabe ta, ta ɓace daga taswira tun 1795 har 1918. Shi ya sa bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989 ta shiga ƙawancen NATO a 1999.

Mu da ke zaman baƙunta a Legas mun san zafin kuɗin goro. Kuma a 2022 ta iyakar Poland ɗalibanmu da yawa suka tsere wa yaƙin Yukiren. Ƙasar da ta zame wa 'ya'yanmu mafita, ai ta cancanci mu karanci tarihinta kafin mu yanke mata hukunci.