Ɓarayin majigin zane: da wane harshe suke magana?

Fim ɗin The Bad Guys (DreamWorks, 2022), wanda Bafaranshe Pierre Perifel ya shirya, labarin gungun dabbobi ne ɓarayi. An yaba masa saboda ya haɗa muryoyin ƴan wasa masu asali daban-daban, har gizo-gizon gungun, wanda namiji ne cikin littattafan Aaron Blabey, an mayar da shi mace. A ganinmu yabon ya yi yawa: fuskoki sun bambanta, amma harshe guda ne.

Ɗan Bonkuku ya san wani irin bambanci. A kasuwar garinsu ana ciniki da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek, kuma Hausar Kurfai ba ita ce ta Kano ba. Tatsuniya ma ta riga sinima sanin cewa murya hali ce: Gizo, uban ɓarayi, da tsamin bakinsa ake gane shi tun kafin a ambaci sunansa.

Nan haɗarin yake. In aka juya irin waɗannan finafinai zuwa Hausa, jarumi ya samu Kananci, wawa ko ɓarawo ya samu karin harshen yamma, to yaron Filinge zai koyi jin kunyar maganar uwarsa.

Mustafa Alasan ya nuna wata hanya tun 1966 cikin Bon voyage Sim: da kwaɗi ya yi wa shugabanni ba'a, bai taɓa talaka ba. Saboda haka, kafin a ƙidaya fuskoki, a duba wanda aka ba kowace murya.